YouTube, Vimeo, Bunny ko Masaukin Shafinka: Ina Ya Kamata Ka Ajiye Bidiyo?

Duk wanda ya buɗe shafin intanet a Katsina, na makaranta ne ko na shagon ɗinki ko na majalisin karatu, ba ya daɗewa sai maganar bidiyo ta taso. Rubutu da hoto ba su da nauyi. Bidiyo kuwa, wayar zamani na iya cin megabait 100 ko fiye a kowane minti ɗaya na ɗauka, wato darasin minti 20 ya kai gigabait 2 kafin a matse shi. Dole a samo masa wurin zama, kuma wurin ne zai riƙa miƙa shi ga duk wanda ya danna. Hanyoyin da ake bi huɗu ne: a ɗora shi a masaukin da shafin yake, wato na'urar kamfanin da ke ajiye maka shafin, a ɗora a YouTube a maƙalo shi cikin shafin, a yi rajista da Vimeo, ko a kama hayar kamfanin da ke cajin gwargwadon abin da aka kalla, irin su Bunny Stream da Cloudflare Stream.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma shi ne yake yanke rabin hukuncin: so kake bidiyon ya yaɗu, ko so kake ka kulle shi? Tela a Ƙofar Ƙwaya da ya ɗauki sabon ɗinkin babbar riga so yake kowa ya gani, har wanda bai taɓa jin sunansa ba. Malamin da ke sayar da darussan shirin JAMB kuwa bidiyon ne hajarsa, ranar da ya bazu kyauta kasuwarsa ta watse. Waɗannan mutum biyu bai kamata su ajiye bidiyo a wuri ɗaya ba.

Na biyu shi ne mai kallo. Kusan kowa da waya zai buɗe shafinka, da datar da ya saya da kuɗinsa, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Sannan sabis ɗin da ake samu a GRA ba shi ake samu a ƙauyukan Mai'aduwa ko Batsari ba. Ga lissafin a taƙaice: awa ɗaya ta bidiyo a matakin ingancin hoto na 360p na cin kusan megabait 300, a 480p kusan rabin gigabait, a 720p gigabait ɗaya da ɗoriya, a 1080p fiye da gigabait 2. Masauki mai kyau ba ya tilasta wa kowa mataki ɗaya. Yana yin kwafin bidiyon a matakai daban-daban, ya yanyanka kowanne guntu-guntu na 'yan daƙiƙoƙi, in sabis ya ja baya sai ya sauko mataki ba tare da hoton ya tsaya ba, in ya dawo ya hau. Tsarin da aka fi amfani da shi wajen wannan shi ne HLS, wanda kamfanin Apple ya fito da shi a 2009. A wurinmu wannan shi ne bambancin bidiyon da aka kalla har ƙarshe da wanda aka rufe a minti na biyu aka aiko maka da saƙo, "Malam, ba ya buɗewa." Nisan na'urar da ke miƙo bidiyon ma yana da tasiri. Wanda aka ajiye kwafinsa a Legas ya fi saurin tashi a kan wanda za a jawo daga Amurka ta wayar ƙarƙashin teku.

Na uku kuɗi, kuma da wane irin kuɗi. In ban da masaukin gida da YouTube da yake kyauta, sauran da dala ake biya. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, wato wanda ke biyan dala 20 a wata ya ga kuɗinsa sun ninka uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ga kuma matsalar kati. Bankuna da dama sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira a 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025 da ƙayyadadden adadi. Kafin ka ɗora bidiyo ɗari a wani wuri, tabbatar kana da katin da zai riƙa wucewa kowane wata.

Sauran ma'aunan biyu su ne ɗorewa, wato wa ke da ikon cire bidiyon ko canza maka sharaɗi da rana tsaka, da kuma sauƙi: kai kaɗai za ka iya, ko sai ka nemo mai haɗa shafi duk lokacin da za ka ƙara darasi?

Masaukin shafinka

Wannan shi ne abin da ya fi zuwa wa mutum a rai. Na riga na biya kuɗin masauki na shekara da naira, an ce min wurin ajiya ba iyaka, me zai hana in ɗora fayil ɗin MP4 a WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, kawai? A gwaji yana aiki sarai, domin kai kaɗai ne kake kallo. Matsalar tana bayyana ranar da aka tura adireshin a zaurukan WhatsApp. Mutum 100 na kallon 720p lokaci guda na buƙatar kusan megabit 250 a daƙiƙa, kuma masaukin haɗaka, wanda ɗaruruwan shafuka ke zaune a na'ura ɗaya, ba a gina shi don haka ba. Shafin gaba ɗaya zai yi nauyi, ko kamfanin ya dakatar da kai. "Ba iyaka" ɗin nan yana da sharuɗɗa a ƙasansa, kuma yawanci ajiyar bidiyo na cikin abubuwan da aka hana.

Ga shi fayil ɗaya ne, mataki ɗaya. Mai 4G da mai 3G duk shi za su ja. Sauke shi kuma bai fi danna yatsa a kansa ba, daga nan sai Xender. Amfaninsa biyu ne: ba talla, ba mai cire maka. Ga ɗan gajeren bidiyo na daƙiƙa 30 a fuskar shafi, babu laifi. Ka matse shi da HandBrake, manhaja ce ta kyauta, ka bar shi a tsarin H.264, ka kunna zaɓin da ke sa ya fara wasa kafin ya gama saukowa. Kar ka yi tunanin ɓoye shi a bayan tsarin kyauta na Cloudflare, mai sa shafi saurin buɗewa, zai magance nauyin, domin sharuɗɗansu sun hana amfani da tsarin kyauta wajen miƙa bidiyon da ba a wurinsu aka ajiye ba.

YouTube

An kafa shi a 2005, Google ya saye shi a 2006. Kyauta ne komai yawan masu kallo, kuma ta fuskar isar da bidiyo ga mai raunin sabis ban san na biyunsa ba. Yana saukowa har 144p, kuma Google na ajiye na'urorinsa a cikin hanyoyin kamfanonin sadarwa don bidiyon da ake yawan kallo ya kasance kusa. Akwai wata fa'ida da ba a cika lissafa ta ba: kamfanonin layi na sayar da data ta musamman ta YouTube mai rahusa, wadda ba ta aiki a Vimeo ko Bunny. Sabon asusu yana tsayawa a minti 15, amma da ka tabbatar da lambar waya za ka iya ɗora har awa 12 ko gigabait 256. Maƙala shi a shafi kwafe adireshi ne kawai. Shawara ɗaya: kar ka jera bidiyo goma a shafi guda su buɗe tare, ka sa hoto a gaba, sai an danna bidiyon ya taso.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. Tun 2021 sharuɗɗan YouTube suka ba shi damar sa talla a bidiyonka ko da ba ka cikin masu samun kaso, kuma ba kai ke zaɓar tallar ba. Ga mai ɗora tafsirin azumi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ana iya buɗe karatu da tallar da malamin ba zai so a haɗa shi da ita ba. In bidiyo ya ƙare yana nuna wasu. Kafin 2018 ana iya kashe wannan gaba ɗaya, yanzu iyakar abin da za ka iya shi ne ka taƙaita shi ga bidiyon tasharka. Tambarin YouTube kuma ƙofa ce a buɗe, mai kallo na danna ta ya bar shafinka.

Sai haƙƙin mallaka. Na'urar YouTube mai gano kayan wasu, Content ID, tana sauraron duk abin da aka ɗora. In ka ɗauki biki ko taron yaye ɗalibai, DJ na sakin waƙa a baya, mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallar ko ya toshe bidiyon. Wannan mai sauƙi ne. Mai tsanani shi ne ƙorafin cirewa a hukumance: gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe tasha da duk abin da ke cikinta.

Babban raunin YouTube ga mai sayar da darasi shi ne ba shi da makulli na gaskiya. Bidiyon da aka ɓoye daga bincike, duk mai adireshinsa zai kalla, kuma ɗalibi ɗaya ya isa ya watsa shi. Wanda aka mayar na sirri kuwa ba ya wasa ga jama'a a shafinka. Samun kuɗi daga talla kuma sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma talla ga masu kallo daga Najeriya da Nijar ba ta biya kamar ta Turai.

Facebook yana kusa da wannan rukuni, kuma ana iya maƙalo bidiyonsa. Wurin yaɗawa ne mai kyau, ba wurin ajiya ba. Daga Fabrairun 2025 bidiyon da aka watsa kai tsaye ana goge shi bayan kwana 30 in ba ka sauke ko ka mayar da shi wani tsari ba. Wanda ya watsa Hawan Magajiya daga Daura ya bar shi a can yana ganin ya adana tarihi, to ya sake lissafi. Google Drive ma ana gwada shi, amma in masu kallo suka yi yawa cikin ɗan lokaci yakan rufe fayil ɗin na wani lokaci.

Vimeo

Ya ɗan girmi YouTube, an kafa shi a 2004. Ba talla, ba bidiyon wani a ƙarshen naka, kuma kana iya sauya kalar na'urar kallon ta dace da shafinka. A tsarin biya za ka iya sa kalmar sirri, ko ka ce bidiyon kar ya yi wasa a ko'ina sai a adireshin shafinka. Sauƙinsa daidai da na YouTube, sakataren makaranta zai iya ɗorawa ba tare da kiran kowa ba. Kuɗinsa tsayayye ne, ƙaramin tsari ya haura dala 10 a wata, kuma farashin mai sauƙi sai ka biya na shekara a dunƙule.

Tsayayyen kuɗi yana da daɗin lissafi, amma ko mutum uku suka kalla a watan sai ka biya. A 2022 kamfanin ya aika wa wasu masu yawan 'yan kallo takardar neman su koma tsari mai tsadar gaske, aka yi ta surutu, daga baya ya sa iyakar terabait 2, wato gigabait 2,000, a wata. Ƙaramar makaranta ba za ta kai nan ba. Abin lura shi ne tsare-tsaren Vimeo sun sha canzawa, kuma a 2025 kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye shi. Ni dai ba zan biya fiye da shekara ɗaya a gaba ba.

Masu cajin gwargwadon kallo

Nan ne lissafi yake da daɗi. Waɗannan ba dandalin kallo ba ne, ba wanda zai yi bincike ya faɗo kan bidiyonka. Aikinsu su karɓi fayil, su yi masa matakai, su miƙa shi a shafinka kaɗai. Dukansu suna da adireshi mai sa hannu wanda ke mutuwa bayan ɗan lokaci, ta yadda in ɗalibi ya kwafa ya tura wa abokinsa, kafin gobe ya daina aiki.

Cloudflare Stream da minti yake caji: dala 5 a wata kan kowane minti 1,000 da ka ajiye, dala 1 kan kowane minti 1,000 da aka kalla. Ba ruwansa da mataki ko ƙasar mai kallo, kuma kamfanin yana da cibiya a Legas. Bunny Stream, na wani kamfani a Sulobeniya, da gigabait yake caji: ajiya daga santi 1, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, kan gigabait, miƙawa kuma ya danganta da yanki. Turai da Arewacin Amurka santi 1, Afirka da Gabas ta Tsakiya santi 6. Mutane da yawa na ganin santi 1 a tallar su yi lissafi da shi, alhali masu kallonsu a Funtua da Maraɗi suke.

In ka mayar da farashin biyu zuwa awa ɗaya ta kallo, Cloudflare santi 6 ne ko da wane mataki. Bunny santi 6 ne in awar ta ci gigabait ɗaya, wato kusan 720p. Ƙasa da haka Bunny ya fi araha, sama da haka Cloudflare ya fi. Tunda yawancin masu kallonmu a 360p da 480p suke, Bunny ne ya fi araha a nan. A ɗauki misalin cibiyar koyarwa mai darasi 100 na minti 20, da ɗalibai 200, kowanne na kallon awa 10 a wata. Ajiya minti 2,000, kallo awa 2,000 ko minti 120,000. A Cloudflare dala 10 da dala 120, jimla 130. A Bunny, in a 480p ake kallo, gigabait 1,000 ke nan, dala 60, da 'yan daloli na ajiya. In ka kashe 1080p gaba ɗaya, wanda allo da muryar malami ba sa buƙata, ka rage wa kanka ka rage wa ɗalibi. Bunny yana da wani tsari mai rahusa sosai, kusan rabin santi kan gigabait, amma cibiyoyinsa kaɗan ne, sai ka gwada shi da wayar da ke kan layin da ɗalibanka ke amfani da shi kafin ka dogara da shi.

Yanayin biya ma ya bambanta. Bunny kamar katin waya yake, ka loda kuɗi a riƙa cira, mafi ƙaranci dala 1 a wata. Ba za a kawo maka bashin da ba ka zata ba, amma in kuɗin suka ƙare bidiyo ya tsaya. Kuɗin kallo a Cloudflare bayan an kalla ake cira, don haka watan da wani bidiyo ya yi farin jini ka shirya. Wajen sauƙi, ɗora bidiyo da kwafo lambar maƙalawa ba wuya a dukansu. Haɗa makullin da rajistar ɗalibai shi ne yake buƙatar mai haɗa shafi, aikin yini ɗaya ko biyu ne, ba na kullum ba.

Akwai masu haɗa nasu da Amazon S3 da CloudFront, ko Cloudflare R2 wanda ba ya cajin kuɗin fitar data, su yi matakan da kansu da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg. Yana iya fin komai araha, amma sai wanda ke da ma'aikacin da ya san aikin, kuma Amazon ba ya tsayar da lissafi don ya kai inda ƙarfinka ya ƙare.

| Ma'auni | Masaukin shafi | YouTube | Vimeo | Bunny / Cloudflare |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Cikin kuɗin masauki, da naira | Kyauta | Tsayayye, da dala | Gwargwadon kallo, da dala |
| Raunin sabis | Yana tsaitsayawa | Ya fi kowa | Da kyau | Da kyau |
| Talla | Babu | Akwai | Babu | Babu |
| Makulli | Rauni | Babu na gaskiya | Akwai | Mai ƙarfi |
| Jawo sababbin mutane | A'a | Sosai | Kaɗan | A'a |
| Sauƙi | Da sauƙi | Da sauƙi | Da sauƙi | Sai da taimako a farko |
| Babban haɗari | Shafi ya faɗi | Rufe tasha | Canjin tsari | Kati ya ƙi wucewa |

Abu ɗaya da teburin bai nuna ba: babu makullin da zai hana mutum naɗar fuskar wayarsa, ko ya ɗora wata wayar a gaba ya ɗauka. Abin da makulli ke yi shi ne ya hana sata mai sauƙi. Wasu na sa lambar ɗalibi ta riƙa yawo a kan hoton, don in ya fita a san ta inda ya fita, kuma wannan ya fi tsoratarwa a garin da kowa ya san kowa. Sannan ko ina ka zaɓa, ka riƙe ainihin fayilolin a faifan ajiya guda biyu, ɗaya ba a ofis ba. YouTube da sauran duk matsattsen kwafi suke miƙawa, kuma ranar ƙaura da na asali za ka yi ta.

Wa ya dace da wanne

Mai shago, mai gidan abinci, mai sayar da filaye, ɗan jarida mai tashar labarai: YouTube, a maƙalo a shafi, a yanki gajeru a watsa a Facebook da WhatsApp. Tallar da ke biyo baya ba ta kai asarar ɓoye kanka ba.

Majalisin tafsiri da makarantun Islamiyya su ma YouTube ne ya fi kai karatu nesa, har Damagaram da Agadas. In talla ta dame ku, ku ajiye kwafi a Internet Archive, ma'ajiya ce ta kyauta da ba ta neman riba, tana nan tun 1996, sai dai ba ta da saurin YouTube. Kuma ku sa murya zalla a gefe. Awa ɗaya ta MP3 mai matsakaicin inganci ba ta kai megabait 30 ba, kashi ɗaya cikin goma na bidiyon 360p, kuma mai sauraron karatu a kan babur ko a gona ba hoton yake bi ba.

Makarantar kuɗi ko asibiti ko ƙungiya mai bidiyo goma zuwa ashirin, da ke son shafi mai tsabta ba tare da ɗaukar ma'aikacin kwamfuta ba: Vimeo, in akwai katin dala. In babu, a samu a loda wa Bunny dala 10 sau ɗaya, zai daɗe yana ɗaukar irin wannan ƙaramin kallo.

Mai sayar da darasi, ko mai shirya fim da ke son a biya kafin a kalla: Bunny in masu kallo a waya suke da ƙananan matakai, Cloudflare in akasarinsu a nan Afirka suke kallon 1080p a babban allo, ko in kana son lissafin da za ka iya yi da minti tun kafin wata ya kama. Darasi biyu ko uku na farko ka sake su kyauta a YouTube da adireshin shafinka a ƙasa, sauran su zauna a kulle. Kuɗin miƙawa kuma ka sa shi cikin kuɗin rajista tun farko: a misalin da ya gabata, kowane ɗalibi na cin kusan santi 30 zuwa 65 a wata, ka mayar da shi naira a farashin ranar, ka ƙara wani abu saboda hawan dala.